Yadda na gyara imel ɗinmu da ya daina karɓar saƙo

Sati biyu cur ba saƙon da ya shigo imel ɗin ƙungiyarmu ta manoman riɗi, ni kuwa ina ta ɗora wa sabis laifi. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari dilanmu ya tare ni: "Malam Sakatare, duk abin da na turo dawowa yake."

A gindin darbejiya na buɗe Gmail. Ashe wuri ne ya cika. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive (ma'ajiyar fayiloli) da Photos (ma'ajiyar hotuna da bidiyo) ne ke rabawa, bidiyoyin bikin ƙanwata da wayata ke ajiyewa a can da kanta kuma sun lamushe shi. Na kashe ajiyar hotuna ta atomatik, na kwashe su zuwa memori, na goge, har kwandon sharar Gmail na zazzage, don shi ma yana cin wuri.

Kafin la'asar saƙo ya shigo. Waɗanda suka koma kam, sai da dilan namu ya sake turowa.