Yadda Za A Ziyarci Singafo Kuma A Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Mutumin Kano da ya yi niyyar ganin birnin Singafo, sannan ya hau babban jirgin ruwa ya ratsa mashigin Malaka da ke tsakanin Maleshiya da Indonesiya, ya kamata ya fara da takardu kafin ya je Wapa canjin kuɗi. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, da fasfo mai sauran wa'adin wata 6 aƙalla, da katin rigakafin cutar shawara. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wannan: jirgin yakan yada zango a Fenang ko Port Klang na Maleshiya, wani lokaci har Fuket ta Tailan, kuma kowace ƙasa da tata bizar. Tun da jirgin zai sake komowa Singafo, a tambayi kamfanin a rubuce ko ana buƙatar bizar shiga fiye da sau ɗaya, kada a biya kuɗin ɗaki sai amsa ta zo.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano ana iya bi ta Doha ko Addis Ababa zuwa filin Changi na Singafo. Singafo tana gaban Kano da awa 7, saboda haka ina ba da shawarar a isa kwana biyu kafin tashin jirgin ruwan, jiki ya huta, kuma jinkirin jirgin sama kada ya jawo asarar tafiyar gaba ɗaya. Kilishi kuwa a bar shi a gida, domin dokar shigar da nama tana da tsauri. Saƙon da ba a san cikinsa ba kada a karɓa ko daga ɗan uwa ne, saboda hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa.

A kwanakin nan biyu a shiga jirgin ƙasa na MRT zuwa unguwar Kampong Glam, inda Masallacin Sultan yake, ga gidajen abinci masu shaidar halal ta MUIS, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, kewaye da shi. Abin da zai ba Bakano mamaki shi ne alƙibla: wanda ya saba fuskantar gabas zai tarar da kansa yana fuskantar yamma maso arewa. A cikin jirgin ruwa kuma tana sauyawa duk sanda ya karkata, don haka a duba manhajar waya kafin kowace salla.

Manyan jiragen ruwan sukan tashi daga tashar Marina Bay. A sanar da kamfani buƙatar abincin halal tun ranar sayen tikiti, a riƙe maganin jiri a jakar hannu. Idan aka sauka yawo a wani zango, a bi agogon jirgin, musamman a Fuket inda lokaci yake bayan na Singafo da awa 1, a kuma dawo da wuri, domin jirgin ba ya jiran wanda ya makara.