Sayen gida da ƴan haya a ciki: kurakuran da ake yi a Damagaram

"Alhaji, ka biya kawai, ƴan haya ai wata guda sun kwashe kayansu." Wannan maganar ta dillalai ta jefa masu sayen gida da yawa cikin rigima a Damagaram, domin ciniki ba ya yanke haya. Wanda ya sayi gida ya gaji alkawarin da tsohon mai gida ya ɗauka. A fiƙihun Malikiyya ma sayarwar ta halatta, amma mai haya yana nan sai wa'adinsa ya cika. In akwai shago a jikin gidan, kamar yadda ake gani a bakin hanyoyin Zango da Sabon Gari, abin ya fi tsauri. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya wadda Nijar ke cikinta, ta ce sabon mai gida ya maye gurbin tsohon kuma dole ya ci gaba da yarjejeniyar. In hayar shagon ba ta da wa'adi, sanarwar wata 6 ake bayarwa, kuma wanda ya shekara 2 yana sana'a a wurin yana iya neman diyya in an hana shi ci gaba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya biya miliyoyi bai taɓa zama da mutanen gidan ba. An zaga da shi da rana tsaka, maza sun fita, ya leƙa tsakar gida ya juya. Ka koma da marece bayan La'asar, ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma a zaure. Ka tambayi kowa shi kaɗai: "Malam, yaushe ka shiga? Nawa kake biya? Ka biya na gaba? Akwai takarda?" A nan za ka ji cewa na ɗakin ƙurya, mai biyan jika 15 a wata, ya ba da na wata shida tun kafin a sa gidan kasuwa. Jika 90 ke nan suna aljihun mai sayarwa, kai kuma ba ka da ikon sake karɓa. Gyaran mai sauƙi ne in an yi shi da wuri: a lissafa duk abin da aka biya gaba da kuɗin ajiya, a cire daga kuɗin gidan, a rubuta. Kuma ƴan hayar nan su suka san inda rufi ke yoyo da damina, da bangon da aka shafe da siminti don a ɓoye tsagewa, da ko shadda ta kusa cika.

Ba duk wanda ke cikin gida ne ɗan haya ba, wannan kuwa mutane na mantawa, musamman a tsofaffin gidajen Birni. Tsohuwar da ke ɗakin gabas wataƙila gwaggon mai sayarwa ce, tana da rabonta na gado. Wani kuma jingina ya karɓa, ba zai fita ba sai an mayar masa da kuɗinsa. In gidan gado ne, kada ka yarda da maganar babban wa shi kaɗai. A kawo takardar rabon gado, magada duka su sa hannu, ka kuma tambayi mai unguwa da maƙwabta.

Sai wuta da ruwa. Ka nemi takardun NIGELEC da na pampo na watannin baya, ka ga babu bashi. Gidan da ɗakuna shida ke kan kwanta (mitar wuta ko ta ruwa) ɗaya ba ya rasa gardamar wa ya biya wa bai biya ba.

In ka riga ka saya kuma kana son shiga, kada fushi ya kai ka ga cire ƙofa, ko yanke ruwa, ko fitar da kayan mutane waje. Zalunci ne, kuma in aka je gaban alƙali kai za ka koma mai laifi. Ka fara da magana a gaban mai unguwa, ka ba su lokacin da mutum zai iya samun wani wuri. Mai iyali da yara a lakkol, ka duba masa ya kai ƙarshen shekarar karatu. Kada ka fitar da kowa tsakiyar damina. In magana ta ƙi, a kai sanarwa a rubuce ta hannun wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, sannan kotu. Wasu sukan yafe hayar wata ɗaya ko biyu don a rabu lafiya, kuma sau da yawa wannan ya fi zirga-zirgar shari'a arha.

Mai son gida fanko ya sa sharaɗin tun ranar ciniki. A rubuta a gaban notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, cewa mai sayarwa ne zai sallami ƴan hayarsa cikin mutunci, da ranar da za a miƙa makullai, da adadin kuɗin da za a riƙe har zuwa ranar. In mai sayarwa ya ƙi a riƙe ko dala, ka dakatar da cinikin, ka koma wajen ƴan hayar ka ji abin da ke tsakaninsu da shi.