Idan guguwar dusar ƙanƙara ta ɗauke wuta, ga yadda za ku ceci naman firij

'Yan uwa mazauna Amurka da Kanada, sanyin waje zai iya yi muku aikin firij kyauta.

Ku zuba ruwa a ƙananan robobi, ku bar ɗan sarari a sama, domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, sai robar ta fashe. Ku ajiye su a waje cikin inuwa. Da sun zama ƙanƙara, ku jera su a can saman firij, tunda sanyi ƙasa yake sauka. Ku raba su gida biyu, wasu na ciki, wasu na waje suna daskarewa.

Firij a rufe awa 4 kawai yake riƙe sanyi. Firiza idan cike take tana kai awa 48, idan rabi ce awa 24. Robobin nan suna ƙara muku lokaci. Don Allah a hana yara yawan buɗewa.

Kada ku fitar da naman kansa waje. Rana tana narkar da shi ko ana tsananin sanyi, ga kuma dabbobi.

Dabarar ba ta aiki idan sanyin waje bai kai na daskarar da ruwa ba. Manyan robobi kuma suna jimawa kafin su daskare. Naman da ya narke ya wuce awa 2 sama da digiri 4 na Salshiyos, ku zubar, ko bai yi wari ba.

Gawayi da janareto kuwa, kada su shigo ɗaki ko gareji. Gubar da ke cikin iskarsu ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.