Yadda ake mayar da tsohuwar kwamfuta halin da take ciki kafin ta rikice

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi a Kaduna na hannu ne, kuma ba wuya ka tarar da Windows 7 a kansu, ko da yake Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, Windows XP kuwa tun Afrilun 2014. Idan irin wannan kwamfuta ta fara daskarewa bayan an sa mata sabuwar manhaja ko direban firinta (manhajar da ke sa firinta aiki da kwamfuta), shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a yi mata fomatin. A ganina wannan gaggawa ce, domin tun shekarar 2000 Windows take ɗauke da System Restore, wanda ke mayar da saitunanta da manhajojinta yadda suke a wata rana da ta gabata, ba tare da ya goge takardun da mutum ya rubuta ko hotunansa ba.

Kafin ka taɓa komai, ka kwafe muhimman takardunka a filashi, sannan ka tabbatar da wuta. Batirin tsohuwar kwamfuta ba ya riƙe caji, idan kuma aka ɗauke wuta aikin yana tsaka, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, saboda haka gara a jira a kunna janareta.

A Windows 7, ka danna Start, ka rubuta rstrui a akwatin bincike, ka danna Enter. A XP hanyar ta fi tsawo: daga Start ka shiga All Programs, sai Accessories, sai System Tools, a nan za ka ga System Restore. Da ya buɗe zai nuna maka ranakun da kwamfutar ta adana kwafin saitunanta, XP a kan kalanda inda ranakun suka fito da baƙin rubutu mai kauri, Windows 7 kuma a jere, kowace rana da dalilinta a gefe.

Zaɓen ranar shi ne inda ake bukatar natsuwa. Ka tuna lokacin da matsalar ta fara, ka ɗauki ranar da ta fi kusa kafin nan, kada ka yi tsalle zuwa wata uku baya, domin duk manhajar da aka sa bayan ranar da ka zaɓa za ta fita, wadda aka cire kuma tana iya dawowa. A Windows 7, idan ranakun sun yi kaɗan, ka sa alama a Show more restore points. Akwai kuma maɓallin Scan for affected programs, wanda mutane ke tsallakewa alhali shi ne zai lissafa maka abin da za ka rasa. Mai shagon da ya ga direban firintarsa a jerin ya san dole ya nemo faifansa kafin kwastoma ya iso. Daga nan ka danna Next, sannan Finish a Windows 7 ko ka sake danna Next a XP, ka bar ta ta kashe kanta ta tashi. Ko allon ya daɗe bai motsa ba, kada ka danne maɓallin kashewa. Idan ranar ba ta yi magani ba, ka sake buɗe System Restore ka warware abin da aka yi, ka gwada wata.

Idan kuwa kwamfutar ba ta kaiwa ga buɗewa, ka kunna ta ka riƙa danna F8 kafin tambarin Windows ya bayyana. A Windows 7 ka zaɓi Repair Your Computer, System Restore yana ciki. A XP ka zaɓi Safe Mode with Command Prompt, ka rubuta C:\Windows\system32\restore\rstrui.exe a baƙin allon. Sai dai wanda aka yi ta waɗannan hanyoyi biyu ba a warware shi, illa a sake zaɓen wata rana.

Wani lokaci za ka tarar babu rana ko ɗaya, saboda an kashe tsarin tun a wurin mai sayarwa. To, babu abin da za a mayar, amma a Windows 7 ka danna Computer da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties da System Protection, ka kunna shi a kan faifan C, ka danna Create domin gaba.

Kada a rikita wannan da ɗaya hanyar da kamfanoni ke ɓoyewa a cikin faifan kwamfutar, wadda ake shiga da F11 a HP, ko Alt da F10 a Acer. Ita tana mayar da kwamfuta yadda ta fito daga masana'anta, ta share takardu da manhajoji, don haka ba a zuwa gare ta sai an kwafe komai kuma hanyar farko ta gaza. A kwamfutar da aka saya ta hannu ma sau da yawa maɓallin ba ya amsawa, domin wanda ya sake ɗora mata Windows kafin ya sayar ya riga ya goge wannan ɓangaren faifan.