Yadda Za Ka Kai Rahoton Tsutsar Masara a Katsina

Kuɗin da gwamnati ke kashewa kan sanarwar rediyo ba ya amfani idan rahoton manomi "tsutsa ta shigo" ne kawai. Ka shiga gona da sassafe, ka tsaya wuri 5, kowane wuri ka leƙa cikin ƙunshin ganyen masara 10. Nemi ɓula a ganye da kashin tsutsa mai kama da garin katako. Idan 10 cikin 50 sun kamu, lokacin kai rahoto ya yi.

Sa tsutsa a kwalba, ɗauki hoto, kai wa malamin gona ko ofishin KTARDA (hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Katsina), tare da sunan ƙauye da ranar shuka. Kada ka jira ta girma: ta shige can ciki, feshi ba ya kai mata.