Yadda za ki yi zaman hutu idan likita ya ce cikinki na bukatar lallaɓawa

Ranar da aka ɗaura miki abin awon jini ya nuna 140/90 ko fiye, ko jini ya ɗan zubo, ko hoto ya nuna mabiyiya ta sauko bakin mahaifa, za ki ji an ce "je ki huta". Kafin ki fita daga ɗakin awo, ki tambaya dalla-dalla: wanka fa? Girki fa? Hawa motar haya ta tro-tro? Sallah a tsaye ko a zaune? Maigida zai iya kusantata? Kunya ba ta da wuri a nan. Ki roƙi ungozoma ta rubuta amsar a littafin awo, don surukarki ma a karanta mata.

Likitoci da yawa yanzu ba sa son mace ta yini kwance shame-shame, saboda jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. In an yarje miki, ki riƙa tashi ki ɗan taka. In kin kwanta, ki fi bin gefen hagu, matashi tsakanin gwiwoyi, kina jujjuya idon sawu.

Sai gyaran gida, wanda shi ne mai wuyar. A gidan haya na Aboabo ko Asawase a Kumasi, banɗaki ɗaya ne can ƙarshen tsakar gida, ruwa kuma sai an ɗauko a galan ɗin Kufuor, babbar jarkar robar nan. Galan ɗin nan ya fita daga hannunki, haka turmi da wanki. A ajiye miki fo da buta a ɗaki. Teburinki na kasuwar Kejetia ki damƙa wa ƙanwarki, masu bashi su turo kuɗin ta waya, ta MoMo. Duk wanda ya ce "in da abin da za a yi ki faɗa", ki faɗa masa ɗin: Yaya ta kai yara makaranta, maƙwabciya ta sayo koko da ƙosai.

'Yan dubiya za su zo da jiƙo a kwalba, kowa da labarin wadda ta sha ta haihu lafiya. Ki karɓa da hannu biyu, ki ce "Allah ya saka, Hajiya", ki ajiye. Abin da za ki sha shi ne ƙwayar ƙarin jini da duk abin da likita ya rubuta, ki kwana cikin gidan sauro.

Daga mako na 28, ki zaɓi lokaci kullum ki ƙirga motsin yaro. In awa 2 ta wuce bai kai 10 ba, ki nufi asibiti.

Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jini ko ruwa na zuba: ko ƙarfe 2 na dare ne ba a jiran gari ya waye. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce, amma ki riƙe lambar wani mai tasi na unguwa, ku yi magana tun yanzu. In an tura ki babban asibitin Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, ki tafi da takardar turawar.

Tun 2008 kulawar masu ciki kyauta ce ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, sai dai ki tabbata katinki na aiki. Ki haɗa shi da littafin awo, zannuwa da cajar waya a jaka ɗaya bakin ƙofa, ki kuma shirya da 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an nema.