Daga Shago Zuwa Kujera: Shirin Da Ɗan Kasuwa Zai Yi Kafin Ya Yanki Fom

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe wa wani Alhaji littafin ciniki a nan Sakkwato. Albasa da tafarnuwa muke lodi zuwa kudu, motocin su dawo mana da manja da goro. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga mutanen garinsu cike da bas biyu, suka zauna a zaure suka ce ba za su tashi ba sai ya amsa zai fito takarar ciyaman. Ya amsa. Daga ranar jakar kuɗin takara ta dawo hannuna. Shi ya sa har yau idan wani ɗan kasuwa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, jama'a sun matsa mini in fito," nakan ce ya zauna mu yi lissafi tukuna. Masu irin wannan magana burinsu ba ya tsayawa a ƙaramar hukuma. Suna hango Gidan Gwamnati, daga can kuma Majalisar Dattawa. To ga abin da nake gaya musu.

Kafin ka buga fosta ko guda, raba aljihunka biyu. Ka zauna kai kaɗai ka yanke adadin da za ka iya rasawa ba tare da shago ya girgiza ba, ka fitar da shi daga uwar kuɗi, ka buɗe masa littafinsa daban. Mu ba mu yi haka ba a farko, kuma mun ji a jikinmu. Ina iya tuna shafin littafin nan: a sama kuɗin buhunan albasa da muka karɓo bashi hannun manoma, a ƙasa kuma kuɗin man babura, gudummawar suna, shinkafar ta'aziyya, rigunan ƙwallo na matasa, gyaran famfon wata unguwa, duk da biro ɗaya. Wata uku da fara zirga-zirga, mota ta cika da kaya tana tsaye, babu kuɗin sallamar manoma. Wani tsoho da muka shekara takwas muna saye hannunsa ya zo ya tsuguna bakin sito tun hantsi har azahar. Bai yi faɗa ba. Da zai tafi sai ya ce mini, "Ɗana, ka gaya ma Alhaji, ƙuri'ata tashi ce, amma albasa ta ɗiyana ce." Daren nan na sayi littafi na biyu.

Akwai kuma dalili na doka. Tsarin mulkin 1999 ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Saboda haka tun da wuri ka yi wa kasuwancinka rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ka ɗora wanda zai riƙe shi, ƙane ne ko ɗa ko amintaccen yaron shago, ka bar shi ya yi shekara yana juya kuɗin kana kallo. Kar ka bari sai daren rantsuwa ka miƙa masa makulli. Za ka cike takardar bayyana kadarori a hukumar ɗa'ar ma'aikata lokacin shiga da lokacin fita, don haka ka san gidajenka da filayenka da motocinka da sunan wa suke. Gwamna da ɗan majalisa kuma ba a yarda su riƙe asusun banki a ƙasar waje ba. Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai, masu saro kaya daga Dubai da Sin, da masu hulɗa da Ƙonni ta iyakar Illela.

Sai takardu. Doka ba ta nemi digiri ba, karatu zuwa matakin sakandare ko daidai da shi take nema, da shekara 35 ga gwamna da sanata, 25 ga ɗan majalisar wakilai da na jiha tun gyaran 2018, kuma dole jam'iyya ce za ta tsayar da kai. Abin da ke kayar da mutane shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Ɗan kasuwa yakan zama Muhammadu a takardar firamare, Mamman a lasin tuƙi, Alhaji wane mai albasa a banki. Ka tattara su gaba ɗaya ka kai wa lauya ya daidaita tun babu wanda ke neman laifinka. A Bayelsa a Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar zaɓaɓɓen gwamna David Lyon ana gobe rantsar da shi, kuma ba takardunsa ba ne ma, na mataimakinsa ne.

Yanzu mu zo inda 'yan kasuwa suka fi yin kuskure. Suna zaton jama'ar kasuwa ita ce jama'ar siyasa. Masu gaishe ka a Tsohuwar Kasuwa ko Kara, rabinsu ba a ƙaramar hukumarka suke zaɓe ba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma siyasa a mazaɓa take kwana. Ka koma garinku ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka, ka tabbata katin zaɓenka na rumfar ƙofar gidanku ne, ka san shugaban jam'iyya na mazaɓa da sakatarensa da shugabar mata da shugaban matasa, kowa da sunansa da sunan mahaifinsa. Ranar da muka fara kai gaisuwa ga wani dattijon shugaban mazaɓa, Alhaji ya ajiye masa buhun shinkafa da turmin atamfa. Tsohon bai ko dubi kayan ba. Cewa ya yi, "Alhaji, mun san ka da arziki, Allah shi ƙara. Amma ran da ruwa ya ci gonakinmu ina kake? Ran da munka rufe liman ina kake?" Alhaji ya yi shiru. Shekara biyu ya yi yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure da kansa, ba aike ba, kafin tsohon nan ya fara kiransa "ɗan takararmu". Ka kuma kai gaisuwa ga uban ƙasa da hakimai da malamai. Ba za su hau mumbari su ce a zaɓe ka ba, amma idan suka ɗaure fuska kowa zai gani.

Zaɓen ƙaramar hukuma ba INEC ke yin sa ba, hukumar zaɓe ta jiha ce. Ba zan ɓoye maka ba, a kusan kowace jiha a ƙasar nan jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun. Ma'ana, ainihin takararka a cikin jam'iyya take, wurin samun tikiti, kuma can ɗin ba a yi sai da ubangida. Ka zaɓi ubangidanka kamar yadda kake zaɓen wanda za ka ba kaya bashi: ka bincika yadda ya rabu da yaransa na baya.

Idan Allah ya ba ka kujerar, a nan ne sana'arka za ta yi maka rana. Ayyukan da tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma su ne kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantun firamare da asibitocin karkara. Wa ya fi ɗan kasuwa sanin inda kuɗin kasuwa ke zurarewa? Alhaji satinsa na farko ya tafi kasuwar garin ranar cinta, ya tsaya bakin ƙofar shiga da dabbobi tun safe yana ƙirga kai da kansa. Da yamma aka kawo masa lissafin rasit, bai kai rabin abin da ya gani da idonsa ba. Bai kori kowa ba. Ya sa aka buga rasit mai lamba, ya ce kowace Litinin a kawo masa gindin littafin. Wannan kaɗai ya biya kuɗin gyaran rijiyoyin burtsatse da dama. Amma kar ka yi tsammanin za ka tarar da kuɗi jibge. Albashin malamai da ma'aikata ke cinye mafi yawan kason wata, kuma shekara da shekaru kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce shugabannin riƙo da kantomomi ba su halatta ba. Hukunci daban, aiwatarwa daban, don haka ka tambayi ma'aji yadda abin yake a ƙasa kafin ka yi wa kowa alkawarin kwalta. Abu ɗaya kuma: kar kamfaninka ya karɓi kwangilar ƙaramar hukumar da kake shugabanta, ko da sunan ƙaninka ne. Takardar nan za ta jira ka har ranar da ka nemi babbar kujera.

Daga ciyaman zuwa gwamna akwai tazara, kuma da wuya a tsallake ta da taki ɗaya. Dubi waɗanda suka mulki Sakkwato tun 1999. Attahiru Bafarawa ɗan kasuwa ne, amma ya daɗe cikin siyasa kafin ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Aliyu Magatakarda Wamakko daga aikin gwamnati ya fito, ya yi mataimakin gwamna, sannan gwamna daga 2007 zuwa 2015. Aminu Waziri Tambuwal lauya ne, ya yi shekara goma sha biyu a Majalisar Wakilai, har da shugabancinta daga 2011 zuwa 2015. Ahmed Aliyu ya yi kwamishina da mataimakin gwamna kafin 2023. Kowannensu ya taka wani mataki a tsakiya inda sunansa ya fita daga ƙaramar hukumarsa. Dalilin a tsarin mulki yake: bai isa ka fi kowa ƙuri'a ba, sai ka samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A Sakkwato 16 ke nan. Mutumin Gwadabawa dole ya samu masu tsaya masa a Tureta da Kebbe da Isa.

Kuɗin ma wani mataki ne. A zaɓen 2023 fom ɗin gwamna a APC naira miliyan 50 ne, a PDP miliyan 21. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade kashe kuɗin kamfe a biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai. Dokar zaɓe takan canza, saboda haka lauyanka ya karanta wadda ke aiki a shekarar da za ka fito. Ka kuma sa ido kan zaɓen fitar da gwani, ko ta wace hanya za a yi shi, a yi shi bisa ƙa'ida. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aya a Mayun 2019, da Kotun Ƙoli ta kwashe duk kujerun da APC ta ci saboda ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba.

Ranar zaɓe kuwa, dukiyarka ita ce ejan. Ka sa mutumin da ya iya karatu, ɗan rumfar, wanda ka ciyar ka biya tun safe don kar wani ya biya shi da rana. Kar ya bar wurin sai da kwafin takardar sakamako mai sa hannu. Wanda ke ganin rumfa ɗaya ba komai ba ce ya tuna 2019, da aka ce zaɓen gwamnan Sakkwato bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna, Tambuwal ya ci da ratar ƙuri'a 342. Ka ware kuɗin lauyoyi tun farko, don kwana 21 kacal ake da su na shigar da ƙara bayan sanar da sakamako, kuma ko ka ci ba ka tsira ba. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen Wamakko, sai da ya sake tsayawa ya sake ci.

Majalisar Dattawa ba zan daɗe a kanta ba, don ban taɓa wuce ɗakin jiran baƙi a can ba. Abin da na sani shi ne wata sana'a ce dabam. Gwamna shi ke sa hannu a fitar da kuɗi, yana da rigar kariya ta sashe na 308 muddin yana kan kujera. Sanata ɗaya ne cikin 109, babu rigar kariya, babu baitulmali a hannunsa, ƙarfinsa a kwamiti yake da lokacin kasafin kuɗi, inda ake cusa ayyukan mazaɓu. Mutumin da ya saba ba da umarni a shago da Gidan Gwamnati sai ya koyi ɗaga hannu yana jiran a ba shi dama. Kuma tsohon gwamna ba a ajiye masa kujerar. Wamakko ya shiga a 2015 daga Sakkwato ta Arewa, Tambuwal a 2023 daga ta Kudu.

Shi Alhajina bai kai can ba. Bayan ya sauka daga ciyaman ya nemi tikitin majalisar wakilai. Daren zaɓen fitar da gwani daliget suka cika gidan, aka yanka raguna biyu, kowa ya dafa kafaɗarsa yana cewa "an gama, ranka shi daɗe". Washegari da aka zazzage akwati, ƙuri'unsa ba su kai yawan kwanukan da muka wanke ba. Muka dawo cikin mota babu mai magana har Dange. Can sai ya ce mini, "Littafin shago fa, lafiya yake?" Na ce lafiya lau, ƙaninsa bai taɓa uwar kuɗi ba. Ya ce to gobe da asuba a kira direbobi, albasar Goronyo ta fara fitowa.